A kawo rigar in gani

Ranar wata Asabar da dare muna fada bayan ɗakunan kwana, nan Maraɗi, an ɗora shayi na biyu, sai wani abokinmu ɗan Yamai ya ɗago kai daga wayarsa ya ce, "Wai ku gaya mini, FC ɗin bana ya cancanci a saya kuwa?" Mu 9 ne zaune. Aka ɗan yi shiru, sannan aka tuntsire da dariya gaba ɗaya. Mai fifita gawayi ya ce, "A saya? Da mi?" Aka tambayi nawa ne, ya ce dala 70. Wani ya ce in dai dala 70 ce a ba shi biyu, ɗaya ya kai wa ƙanensa tsaraba. To, dalar Amurka ake nufi. Tamu dala 70 da ƙyar ta kai ka ga farantin shinkafa da wake mai ɗan mai. Tasu kuwa in ka juya ta zuwa sefa ta kai wajen jika 40.

Da aka bi layi aka tambayi kowa, babu ko mutum ɗaya cikinmu da ya taɓa shiga kanti ya sayi sabon wasan kwamfuta cikin kwalinsa. Amma wannan bai hana gardama ba. Har ƙarfe 12 ana musu: wannan wasa ya fi wancan, wannan asarar kuɗi ne, wancan ko nawa ne ya ci kuɗinsa. Mutanen da ba su saya ba suna yanke hukunci kan saye, ga shi kowa da hujjarsa. Ni ma na sa baki, sai dai akwai inda na tsaya na yi gum, don a gidanmu an taɓa biyan kuɗin wasa, kuɗi masu zafi, kuma tambayar da Inna ta yi a ranar har yau ban samu amsarta ba. Abin da na kasa faɗi a fada shi ne zan rubuta a nan.

Ni ɗan Sarkin Hausa ne, cikin Mayahi. Kafin in tafi lise a Tasawa, wasan allo da na sani bai wuce macijin nan na wayar Nokia ba. Sauran duk na ƙasa ne: langa da farin wata, ƙwallon tsumma, sai kallon manya suna dara a gindin bedi. A Tasawa na fara riƙe manet. Wata rumfar kwano ce kusa da tasha, tele 2, PS2 guda 2, benci 3, da wani tulu da ba a cika samun ruwa cikinsa ba. Ka'idar wurin ɗaya ce: wasa ɗaya dala 10, wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci yana nan zaune har a samu mai tayar da shi. Ka lura da wannan ka'ida, don ita ce ta koya mana auna darajar wasa. Gwani yana iya wuni bai fitar da ko dala ba. Irina kuwa, watan farko kuɗin kalacina duk can suka tafi.

A rumfar nan mutane kashi biyu ne, ƴan PES da ƴan FIFA, kuma gabarsu ta fi ta magoya bayan Real da Barsa. Shugaban ƴan PES abokina ne da muke kira Dogo. Na ƴan FIFA kuma wani ɗan birni ne da muke ce wa Bature, don ko gaisuwa da Faransanci yake yi. Hujjar Bature a fili take: FIFA, na kamfanin EA na Amurka, yana da sunayen ƙungiyoyi na gaskiya, da rigunansu, da tambarinsu. PES kuwa, na Konami na Japan, bai sayi izinin yawancin ƙungiyoyin Ingila ba, shi ya sa a PES 2013 in kana neman Chelsea sai ka ga London FC, Arsenal ta koma North London, Liverpool ta zama Merseyside Red. Bature ya ce wasan da ya kasa sayen sunan Chelsea ta yaya zai ce a saye shi?

Dogo ba ya dogon bayani. "Suna za ka ci ko ƙwallo? Riƙe manet mu gani." A ganinsa ƙwallon PES tana da nauyi, in ka buga kana jin ta, kuma ba a ci sai an gina wasa, ta FIFA kuwa kamar balan-balan. Sannan PES yana barin ka gyara komai da hannunka. Kofin da muke da shi babu Mena a ciki, sai Dogo ya kwashe kwana 3 yana ƙera ta: riga ruwan goro, sunaye ɗaya bayan ɗaya, ya sa Musa Maazu a gaba ya cika masa gudu har ƙarshen ma'auni. Mena ta je gasar cin kofin Afirka sau 2, a 2012 da 2013, ba ta tsallake rukuni ba, amma a rumfar Tasawa ta sha lallasa Barazil.

Shi mai rumfa ma'auninsa daban ne, kuma da na girma na gane ya fi mu lissafi. Wasa mai kyau a wurinsa shi ne mai saurin ƙarewa, mai mutum 2, mai wanda aka ci. Shi ya sa ya tsani GTA San Andreas, wasan nan na 2004 da duk yaran unguwa ke mutuwar so. Yaro ɗaya zai zauna yana yawo da mota cikin birni, ya saci babur, ƴan sanda su bi shi, 6 na tsaye suna kallo kyauta, ba a ci kowa ba balle a biya. Ya mayar da shi na lokaci, minti 15 dala 10, duk da haka rigima ce kullum wajen karɓe manet. Ga kuma wani dattijo da ya leƙo wata rana ya ga ana dukan mutum a titi ana kwashe kuɗinsa, ya tsaya ya yi wa mai rumfa wa'azi mai tsawo. Daga ranar sai bayan isha'i ake sa shi. God of War kuma, an ce labarinsa ne daɗinsa, to labarin da Turancin Ingilishi yake, mu kuwa Faransancin ma muna fama. Sara kawai muke yi. Mortal Kombat yana kawo kuɗi da sauri, minti 2 an gama, amma yana kashe manet, don wanda bai iya ba dannawa yake kamar mai kirɓa fura.

A hutun 2022 muka yanke shawarar mu ma mu zama masu rumfa. Ni, da Dogo, da wani ɗan baffana mai teburin sharjin waya a garinmu. Muka yi barema a gonakin mutane damina guda, noman farko da maimai, muka haɗa jika 27 muka zo kasuwar Maraɗi. PS2 ta fito ne a 2000, wato ta girme mu duka, an kuma sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, shi ya sa tsofaffinta ba sa ƙarewa a kasuwanninmu. Wadda muka samu an riga an yi mata aiki, ba ta bukatar faifai: kile ake soka mata, mai gyara ya zuba maka wasanni gwargwadon kuɗinka. A nan ne karon farko tambayar "wanne ya cancanta" ta zama ta aljihuna. Kilen ƙarami ne, wasa 5 kawai zai ɗauka. Ina son GTA kamar raina, amma na tuna fuskar mai rumfar Tasawa, na haƙura. Muka zuba PES iri 2, Mortal Kombat, tseren mota ɗaya, da wasan kokowar Turawa. Ɗaya daga PES ɗin abin dariya ne: tsohon wasa ne aka yi masa kwaskwarima aka zuba ƴan wasan bana, ka ga Haaland a Manchester City cikin wasan da aka yi tun yana ɗan firamare.

Telen ɗakin Yayanmu muka ɗauko, farantin sola da batir na ɗan baffana ne. Ranar da muka kunna, har masu gemu sun zo kallo. Shekarar farko mun mayar da kuɗinmu har da ɗan abin sayen takardu. A 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, ciki har da layin da ke tasowa daga Katsina zuwa Gazawa ya ba Maraɗi da Damagaram. Rumfunan birni wasu suka rufe, wasu suka ninka kuɗi saboda man gurup. Mu da ke kan sola ba mu ji wannan ba. Rufe iyaka ne ya taɓa mu, don manet daga Najeriya take shigowa, ta yi wuya ta yi tsada, kuma duk mai rumfa ya san manet ce ke cin riba. Muka koyi buɗe ta, mu goge, mu ɗaure da roba.

Amma ba wuta ba ce ta rage mana mutane a benci, ba kuma manet ba. Waya ce. Kuma ni da hannuna na kai ta gidanmu.

Yayanmu yana Tamanraset ta Aljeriya yana aikin gini tun 2021. Ya aiko wa Autanmu da Tecno, yaron yana ɗan shekara 15, yana kolej. Da na zo hutu na ce kawo in sa maka wani abu. Na tura masa Free Fire ta Xender, na ce masa, ina tuna kalmomin sarai, "Wanga kyauta ne, ba ka biyan ko dala."

Ga wanda bai san shi ba, in akwai: wasa ne na kamfanin Garena na Singafo, ya fito a 2017. Mutum 50 ake saukewa da laima a wani tsibiri, kowa ya nemi makami, fili yana ta tsukewa, wanda ya rage a raye shi ya ci, duk cikin minti 10 ko kusa da haka. Ana iya haɗa ƙungiyar mutum 4 kuna magana da juna da murya. Abin da ya sa ya mamaye garuruwanmu ya bar PUBG a baya shi ne ba ya neman babbar waya; ƴar Itel ko Tecno ta jika 40 tana ɗaukarsa. Kuma gaskiya ne saukewa kyauta ne. Abin da ban faɗa wa Auta ba, don ni ma ban zauna na lissafa ba, shi ne ba ya tashi sai da rezo, rezo kuma sai da forfe, waya kuma sai da sharji, sharji kuma dala 10 ne a teburin ɗan baffanmu. Wasan PS a rumfa ka san abin da ka biya ka tashi. Wannan kullum yana tsotsa kaɗan-kaɗan kamar kaska, ba ka jin zafi.

Sai kuma diyaman. Kuɗin cikin wasa ne da ake saye da kuɗin gaske. Da su ake sayen riguna, da fentin bindiga, da rawar da mutuminka zai taka in ya yi nasara. Wasu kayan ma ba kai tsaye ake sayensu ba, wata ƙafar sa'a ake juyawa, ko ta faɗo kan abin da kake so ko ta ba ka tarkace, ka sake biya ka sake juyawa. Ni dai ban san sunan da za a ba wannan ba in ba ɗan'uwan caca ba. Tunda ba mu da katin banki, dillalai ne a tsakani: ka tura kuɗi ta waya, ka ba da lambarka ta wasa, a zuba maka. Wasu dillalan har kont sukutum suke sayarwa, wato asusun wani da ya riga ya tara kaya.

Kada in yi wa Auta rashin adalci, don hujjarsa ta fi ta Bature da ta Dogo ƙarfi. Na taɓa yi masa faɗa kan forfe, ya ce, "Kai PES ɗinka da wa kake yi? Da mutanen garin ga. Ni da Yaya nike yi." Ashe Yaya ma ya sauke wasan. Yayanmu mutum ne da in ya kira waya magana ba ta wuce minti 2: lahiya, lahiya lau, ina Inna, a gaida Baba, kredi zai ƙare. Amma cikin wasa sai su yi awa guda da dare bayan ya tashi aiki. Tsakanin "bi bayana" da "ga wani nan ta hagu" yake ba yaron labarin sanyin Tamanraset, da maigidan da ya riƙe musu kuɗin sati 3, da ɗan garinmu da aka kama aka mayar Assamaka. Abin da muka sani na rayuwar Yaya a shekarun nan, rabinsa ta bakin Auta muka ji, shi kuma cikin tsibirin nan ya ji shi. Wane faifai ne a kasuwar Maraɗi zai ba ka wannan?

Matsalar ita ce sauran mutum 2 na ƙungiyarsu, wani a Abijan wani a Kano, suna da kaya. Wanda ya shigo da rigar da ake ba kowa kyauta, "bot" ake ce masa, wato ba mutum ba ne, inji ne. Yaro ɗan 15 a kira shi bot gaban yayansa kullum dare.

Ana gab da komawa lakwal a 2024 Inna ta ba Auta ɗan bunsurunta ya kai kasuwar Mayahi. Cikin jajayen awakin nan ne namu na Maraɗi, ita ta yi kiwonsa da harawa da dussa tun yana ɗan kwana 1, kuma kuɗin na kayan karatunsa ne shi kansa da ɗan abin da za a ƙara a sayi hatsi kafin sabo ya shigo gida sosai. Ya dawo da yamma ya ce kasuwa ta faɗi, jika 11 aka saya. Inna ta ƙirga, ta dube shi, ba ta ce komai ba. Ashe jika 17 ne. Jika 6 ya tura wa wani da bai taɓa gani ba, aka ba shi kont mai riguna da bindigogi masu walƙiya, da kalmar sirrin shiga. Kwana 9 ya yi yana sarauta a tsibiri. Rana ta 10 kalmar sirri ta ƙi buɗewa, lambar mai sayarwa kuma a kashe. Mai kont ɗin ya karɓe abinsa, wataƙila ya sake sayar wa wani yaron a wani gari.

Shi Auta ya manta cewa a ƙauye farashin dabba ba ya ɓuya. Matar dillalin da ya yi cinikin ta haɗu da Inna wajen suna, ta yi mata barka da bunsuru ya yi daraja.

Ina gida a lokacin. Bayan magariba Inna ta kira mu biyu ɗakinta, ta sa aka saki labule. Ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi duka ciwo. Ta ce da ni, ba da shi ba, "Kai ka san boko. Tambaye shi mi ya saya da jika shidda."

Auta kansa a ƙasa ya ce, "Riga ce, Inna. Da bindiga."

Ban taɓa ganin fuskar Inna ta canza haka ba. A wannan zamani da ake jin labarin ƴan bindiga wajen Madarunfa da Gidan Runji, ka ce wa uwa ɗanta ya sayi bindiga! Ta dafe ƙirji tana salati. Na yi maza na ce ba ta gaske ba ce, ta cikin waya ce, hoto ne kawai, wasa ne. Sai da ta ɗauki lokaci kafin numfashinta ya daidaita. Sannan ta ce, "To alhamdu lillahi. Rigar hwa? A kawo rigar in gani."

Na ce ita ma cikin waya take.

"To a buɗe wayar in gani."

Babu abin da za a buɗe. Na fara bayanin kont da kalmar sirri, ina jin kaina ina magana kamar mushe a gaban allo, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce, "Ko kura ta ɗauki akuya ana ganin sawu. Wanga ko sawu babu?" Sai ta juyo gare ni. "Wa ya sa mishi abin ga cikin waya?"

Washegari na sayar wa Dogo da kasona na PS2, na kawo mata jika 6. Ta karɓa, amma ta ce bashi ne a kan Auta, ni zai biya, kuma ba da kuɗin kowa ba sai na guminsa. Kaka guda yaron yana roron wake da ɗaurin harawa a gonakin mutane. Ya biya ni da dala-dala, har da ta ƙarshe. Baba bai sani ba har yau, kuma tunda ba ya karanta boko ina roƙon ƴan garinmu da wannan ɗan littafi zai faɗa hannunsu su rufa mana asiri.

Da farko na ɗauki maganar Inna a matsayin ta wadda ba ta san zamani ba. Daga baya, a nan jami'a, na ga ashe Turawan da ke da katin banki su ma tambayar da suke yi ke nan. Akwai wani wasan tseren mota, The Crew, na kamfanin Ubisoft na Faransa, da ya fito a 2014. Mutane sun saye shi da cikakken kuɗi, wasu har da faifai a kwali. A ƙarshen Maris 2024 kamfanin ya kashe na'urorin da wasan ke dogara da su, shi ke nan ya daina tashi ga kowa, faifan ya zama abin kore tsuntsu a gona. Abin ya tayar da ƙura har aka shiga tara sa hannu a ƙasashen Tarayyar Turai, a 2025 ya haura mutum miliyan 1, suna neman a hana kashe wasan da aka riga aka sayar. Abin da kamfanoni ke cewa shi ne ba wasan ka saya ba, izinin yin wasan ka saya. Ka fassara wa Inna wannan ka ji abin da za ta ce. Shi ma PES ɗin da Dogo ke rantsuwa da shi, tun 2021 aka canza masa suna zuwa eFootball, aka mayar da shi "kyauta", da nasa kuɗin cikin wasa da nasa juya sa'a don samun ƴan wasa. FIFA kuma ya zama FC a 2023, kowace shekara sabo, kowace shekara sabon kuɗi. Tsohon PES ɗinmu na cikin kile kuwa ba ya neman rezo, ba ya neman izinin kowa, in akwai rana akwai wasa.

Sai dai kada in cika baki. Wannan kilen da nake yabo, ko dala ɗaya daga kuɗinsa ba ta je hannun waɗanda suka zauna suka ƙera wasan ba. Mai gyara a kasuwa ya ci, mu muka ci. Na kan ce wa kaina mutanen Japan ba za su kwana da yunwa don jika 27 ɗinmu ba, kuma ko mun so biya babu kantin da za mu je. Amma wannan hujjar tana rushewa in aka zo gida. A Kamaru wasu matasa ƙarƙashin Olivier Madiba sun yi Aurion, ya fito a 2016, da labari da tufafi na Afirka. A Yamai ma wani matashi, Mahaman Sani Housseyni Issa, ya yi Les Héros du Sahel. Su wa za su saya musu in ba mu ba? Na taɓa ce wa Dogo da za a yi wasan kokowar gargajiya, da fili da makaɗa da kirari da takobi, in ɗauki Maraɗi in kayar da Issaka Issaka na Doso, wallahi jika guda zan biya ba ciniki. Ya kalle ni ya ce, "Ƙarya kake. Jira za ka yi wani ya saya ka ce ya turo maka ta Xender." Na yi dariya, don ban tabbata ƙarya ya yi mini ba.

A fadar nan ta daren Asabar, da gardama ta lafa, ɗan Yamai ya sake tambaya ta, ni da na taɓa riƙe rumfa. Na ce masa in kuɗin babansa ne kuma akwai wuta a gidansu, ya nemi FC na bara a hannun wanda ya gaji da shi, ƴan wasan ne kawai suka canza riga. Na ce Dream League ya fi dacewa da ɗalibi mai jiran burs, don ana buga shi ko babu rezo. Wata ƴar ajinmu da ta tsaya karɓar caja ta ce duk mun ɓata lokaci, Ludo ya fi su duka, waya ɗaya mutum 4, ita da kishiyoyin uwarta suke yi in ta je gida, kuma shi ne kaɗai lokacin da ake jin dariyarsu tare. Ba wanda ya iya musa mata. Da aka zo kan Free Fire aka ce in faɗi nawa, sai na ce shayin ya huce, a zuba na uku.

Ga abin da ban faɗa musu ba. Hutun da ya wuce na tarar Auta ya buɗe sabon kont da sunansa da lambarsa, yana yawo a tsibiri da rigar kyauta, ana ce masa bot yana cewa ya ji. Daren Juma'a kawai yake yi yanzu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne inda kuɗin forfen ke fitowa. Da la'asar na ga Inna ta kwance bakin zane ta ba shi dala 40 cikin kuɗin ƙuli-ƙulinta, ba ta ce komai ba, shi ma bai ce ba. Bayan isha'i ya zauna bakin rumbu inda rezo ya fi kamawa, ya ƙure murya. Sai ga Inna ta jawo tabarma da ƙwaryar gyaɗarta ta zauna nesa kaɗan, wai a nan iska ta fi. Muryar Yaya na fitowa cikin ƙarar harbi, yana ba da umarni, yana dariya irin wadda ban ji ya yi ba tun kafin ya tafi.

Inna tana ɓarar gyaɗa ba ta ɗago kai ba ta ce, "Auta, tambayi yayanku ko shina da rigar sanyi."

Auta ya faɗa. Aka ɗan yi shiru, sai harbi.

"Ce ma Inna ina da ita," in ji Yaya. "Ce mata ta dakata kaɗan, an rutsa ni bayan wani gida."